Kwana Uku a Kurugu

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, makon jiya ba ku ji ni ba a wannan fili. Dalili kuwa, tafiya ce ta kama ni zuwa Kurugu, cikin ƙasar Ƙaraye. Wata ƙawata ce, wadda muka yi kwalejin horon malamai tare, aure ya kai ta can bara. Ta yi ta aiko mini cewa in ban zo na ga ɗakinta ba, to, zumunci ya mutu. Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara sai na ɗaure kayana.

Muka tashi daga Kano da hantsi, muka fita ta Kabuga, muka kama hanyar Gwarzo. Muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, muka wuce Janguza da Rimin Gado, can gaba muka bar babbar hanya muka karkata kudu. An gama yankan dawa, ko'ina ka duba cikin gonaki sai kara an tara shi, ga itatuwan ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi. Ku riƙe karan nan da kaɗanyar nan a zuci, za mu komo kansu.

Ƙaraye tsohon gari ne mai sarauta, tun 2024 kuwa masarautarsa ta haɗa ƙasar Ƙaraye da ta Rogo. Cikin ƙasarsa ne aka datse kogin Calawa, aka gama aikin a 1992, saboda haka kifi ba ya yi wa mutanen wurin wuya. Ban daɗe a garin ba, na sami ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Kurugu. Na isa da la'asar, ƙura ta yi mini hoda har gira.

Da na shiga ɗakin amarya sai na tsaya bakin ƙofa na riƙe baki. Kujera da mayafinta na saƙa, tulu da hularsa, rediyo ma an saƙa masa riga. Ga wani kwando cike da huluna da safar jarirai, ja da fari da ruwan ƙwai. Na ce, “Ke, kanti kika buɗe?” Ta ce ko kwabo ba ta taɓa karɓa ba, sha'awa ce kurum. Duk gidan da aka yi haihuwa a unguwar, ranar suna sai ta kai hula da safa. Ulun kuwa daga Kano ake sayo mata.

Iri biyu take yi. Akwai saƙar kwarashi, watau allura guda mai lanƙwasa a baki, akwai kuma ta kibiya biyu. Kwarashi ya fi sauri, amma ya fi cin ulu, abin da aka yi da shi kuma ya fi kauri, don haka ya dace da jaka da mayafin kujera. Saƙar kibiya ta fi laushi, tana miƙewa ta komo, ita ce ta rigar sanyi. Wadda za ta fara koyo, shawarata ta fara da kwarashi, gama madauki guda ne kullum a kansa. Kibiya kuwa in ɗaya ya suɓuce ba ki lura ba, sai ya yi ta warwarewa har ƙasa. Abu guda na ja mata kunne a kai: yawancin ulun kasuwa yanzu ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne, in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata. Ga shi da hunturu muke sa wa yara, da hunturu kuma muke zama gindin murhu.

Uwar mijinta, wadda duk gidan ke ce wa Inna, tana kallon saƙar nan kamar wasan yara. Da dare ta sa aka ɗauko mini mazarinta da alli cikin wani tsohon kwando. Ta ce ita da audugar gonarsu ta tashi, a gurje, a shiɓe, a kaɗa zare da abawa, a kai wa masaƙa. Tun da aka buɗe masaƙar inji ta Kaduna a 1957, zaren inji ya yi ta tura na hannu gefe, har mazari ya koma kwando. Na gwada kaɗin, zaren ya tsinke sau uku, Inna ta karɓe abinta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, sabulu ne.

Ƙawata tana yin sabulun soda, irin wanda mata da yawa suka koya yanzu, da sodar nan mai ƙuna wadda masu kanti ke kira kostik. Ta nuna mini bayan hannunta, duk ya yi sabā. Ashe na farin da ta yi da gwangwanin madara ta auna sodar, yadda wata ta kwatanta mata, kwana uku da yi kuma ta hau wanki da shi. Inna ta ce, “Malama, kin taɓa ganin sabulun da ke cin mai shi? Gobe ki tashi da wuri ki ga na gaske.”

Da gari ya waye na tarar an riga an ƙone kara, an tara tokar. Inna ta zuba ta cikin wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, an shimfiɗa ciyawa ciki, ta tuttula ruwa, yana ɗiga cikin ƙwarya, daidai yadda muke tace ruwan tokar miya. Abin da ya ɗiga ta sake bi da shi ta kan sabuwar toka don ya ƙara ƙarfi. Sa'an nan ta ɗora shi a wuta har ya ƙone ya ragu ƙwarai, ta shiga zuba man kaɗanya kaɗan-kaɗan, tana juyawa da muciya. Kumfa ya taso, ta rage wuta. Haka muka wuni, hayaƙi yana sa ni hawaye, ita ko a jikinta. Wajen azahar abin ya yi duhu ya yi kauri. Ta lakato da tsinke ta bari ya huce, ta murza tsakanin yatsu. Ta ce in ya bar maiƙo, toka yake so. In ya yi zafi a fata, mai yake so. Ta ƙara mai cokali guda. Da la'asar aka sauke, ya sha iska, ta cuccura shi. Sabulun salo ke nan.

Ni kuwa ga ni da littafi da fensir, wai zan rubuta muku awo. Na ce, “Inna, toka mudu nawa, mai kwalba nawa?” Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, “'Yar nan, tokar karan dawa dabam, ta totuwar masara dabam, ta bana ma ba ta bara ba ce. Wane mudu zan gaya miki?” Na rufe littafina. Gaskiya ce ta faɗa, ni da takardar shaidata ba zan iya abin da ta yi ba sai na shekara gindin tukunyarta.

Da na kwanta na yi ta tunani, me ya sa Inna ba ta awo sabulunta ya yi kyau, ƙawata ta yi awo nata ya ci hannu? Ga abin da na gane. Kowane sabulu, na Inna ko na kanti, mai ne ya gamu da abu mai kaifi, suka cinye juna, suka zama abu na uku. Kaifin ruwan toka kaɗan ne, kuma a kan wuta ake aikin, mai yi tana dubawa tana gyarawa har a sauke. Soda kuwa kaifinta ya ninka na toka nesa, kuma da kin dama kin juye cikin mazubi, shi ke nan, ba sauran gyara. In ta yi yawa, ragowar da ba ta sami man da za ta ci ba tana nan cikin sabulun, fatarki za ta ci. Gwangwani kuwa ba awo ba ne, gama akwai soda mai gari-gari, akwai mai ɓarzo, cikin gwangwani ɗaya nauyinsu ba ɗaya ba.

Saboda haka wadda za ta yi na soda, tilas ta nemi sikeli. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana cin soda wajen giram 135, manja wajen giram 140, man kaɗanya wajen giram 128. Alayyadi da man kwakwa sun fi su ci, su ne kuma ke kawo kumfa. Gara a ɗan rage sodar da a ƙara. Ruwan jiƙawa kamar ninki biyu da rabi na nauyin sodar. Soda ake zubawa cikin ruwa, kada a kuskura a zuba ruwa a kan soda, sai ta tafasa ta fantsamo fuska. A yi a tsakar gida inda iska ke wucewa, da safar hannu. Kada a sa tukunyar alminiyam, irin wadda muke kira ta dalma, soda tana cin ta. A nemi roba mai kauri. In an yanka sabulun a shanya shi a inuwa mako huɗu zuwa shida kafin ya taɓa jikin kowa.

Rana ta uku muka ce bari mu gwada. Wani mai shago ya ara mana sikelinsa, muka auna, ƙawata ta jiƙa soda cikin wani kofin roba, ta ajiye gindin bango ya huce, muka shiga ɗaki ɗauko mai. Sai muka ji Inna ta ƙwalla salati. Muka fito a guje, muka tarar ta finciko ɗan facalar ƙawata, yaro bai cika shekara biyu ba, hannunsa saura ƙiris ya kai kofin. Ruwan soda in ya kwanta, garau yake kamar ruwan randa, ba launi, ba wari. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna ganin yaran da suka kurɓi ruwan soda a gidajen masu yin sabulu. Yana ƙone maƙogwaro, in ciwon ya warke sai hanyar abinci ta tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko kunu, wani sai an yi masa aiki. In tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, kada a sa yaro amai, gama abin zai sake ƙone inda ya bi. Kada a tsaya ɗura masa manja. A wanke masa baki, a garzaya asibiti nan take. In a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, aƙalla minti goma sha biyar. Kada kuma a taɓa jiƙa soda cikin kofi ko moɗa ko kwalbar lemo, ko wani abin da yaro ya saba ganin ana sha da shi.

Inna ba ta yi mana faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Ta goya yaron, ta ɗauko tabarma ta zauna kusa da mu har muka gama, muka kai mazubin ɗaki muka kulle. Sai can ta ce, “To, malamai, tokata dai ko akuya ta lasa ba ta mutuwa.” Ƙawata ta sunkuyar da kai. Da yamma na ga ta je ta durƙusa ta ce, “Inna, in za a ƙona kara na gaba a tashe ni.”

Da zan taho, Inna ta ba ni curin sabulun salo biyu, ƙawata ta ba ni hula ja ta ɗan yayata, da yanka guda na sabulun da muka yi, ko ƙarfi bai gama yi ba. Ta roƙe ni in aiko mata da ƙaramin sikeli daga Kano, na kuwa aika ranar Litinin. Na Inna har na fara wanka da shi, ƙurar Kurugu ta fita. Namu na naɗe shi a takarda, na rubuta kwanan wata a jiki, na ɗora can bisa kabad inda ƙanena ba zai kai ba. Saura mako uku.