Kaki da Ƙuri'a: Takarar Wani Tsohon Soja a Ɗan Barto

Garin Ɗan Barto yana bakin iyaka, a kan hanyar da ta taso daga Takeita, ta ratsa Matamaye, ta nufi Daura. Wanda ya wuce shingen ƴan duwan da ɗan kaɗan ya riga ya shiga jihar Katsina ta Najeriya. Sefa da naira suna kwana cikin aljihu ɗaya, auratayya ta haɗa gidajen nan da na can, gero da wake da raken fadamun ƙasar Kance kuwa sun saba neman kasuwarsu a kudu. Saboda haka duk shawarar da aka yanke game da iyaka, ko a Yamai ko a Abuja, mutanen wannan gari ne na farko da ke jin ta a cikin tukunya.

A wannan gari wani tsohon soja ya dawo ya zauna bayan ya ajiye aiki. Tun zamanin Janar Seyni Kountché ya shiga soja, ya ci ƙurar Agadas da Dirku, ya tashi da muƙamin sarzan, da shi kuma kowa ke kiransa har sunan yanka ya kusa ɓacewa. Fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata, gonarsa ba ta fi ta maƙwabta ba, amma yana da abin da mazan jiya kan dawo gida da shi: takalmi goge, alkawari a kan lokaci, da murya wadda ba ta saba a maimaita mata magana ba.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020. Abin da ya ƙara wa mutanen Ɗan Barto ciwo shi ne wanda ya ba da umarnin, Muhammadu Buhari, mutumin Daura ne, maƙwabci na kusa. Samari masu dako da ƴan kabukabu suka zauna hannu rabbana, kayan gona suka yi kwantai. Sarzan ya yi watanni yana kasa kunne ga rediyo ko zai ji wani dipite ya ambaci sunan garinsu a zauren majalisa. Da ya gaji da jira, sai ya ƙudura cewa zai tsaya da kansa a zaɓen ƴan majalisar dokoki na 27 ga Disamba 2020, ba kuma da tutar kowace jam'iyya ba.

Wanda ya fara kai wa maganar shi ne amininsa, wani tsohon daraktan lekwal da suka yi wasan ƙasa tare. Malamin ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce: "Sarzan, kalmar nan da ka ɗauko ta indifanda tana da tabo a ƙasar nan, kuma soja ne ya yi mata shi." Ya tuna masa da 27 ga Janairu 1996, ranar da Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, shugaban da aka zaɓa a 1993. A watan Yuli na wannan shekara Baré ya tsaya takarar shugaban ƙasa a matsayin mai zaman kansa, ana cikin ƙidaya ya rushe hukumar zaɓe ta CENI ya kafa wata, aka bayyana shi da kashi 52 cikin ɗari. A watan Nuwamba magoya bayansa, waɗanda suka kira kansu ƴan indifanda a ƙarƙashin inuwar UNIRD, suka kwashe kujeru 59 daga cikin 83, manyan jam'iyyun adawa kuwa sun ƙaurace. Ƙarshen labarin ya zo ranar 9 ga Afrilu 1999, a filin jirgin saman Yamai, a hannun masu tsaronsa.

Sarzan ya ce: "Mushe, wancan yana da bariki a bayansa. Ni sandata kaɗai gare ni." Malamin ya yi murmushi, ya ɗauko alƙalami, ya shiga zana masa yadda tsarin yake a bayan wata tsohuwar takarda.

A ƙetaren iyaka kowace jiha tana da majalisar dokokinta, ta Katsina tana da kujeru 34, kuma kowace mazaɓa mutum ɗaya take fitarwa; sai dai kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai yarda kowa ya tsaya ba tare da jam'iyya ba. A Nijar al'amarin ya juya. Dokar zaɓe ta wancan lokaci ta buɗe ƙofa ga mai zaman kansa, amma doka a Yamai kaɗai ake yin ta, kuma jihar Damagaram gaba ɗayanta mazaɓa ce guda mai kujeru 32, ban da kujerar musamman ta Taskar. Jerin sunaye ake zaɓa, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Mai son tsayawa sai ya cika jerin, kowane ɗan takara da mataimakinsa, sunaye 64 ke nan. Kundin 2010 ya shar'anta cewa kashi 75 cikin ɗari na masu takarar su mallaki aƙalla takardar BEPC, dokar rabon muƙamai da aka gyara a 2019 ta ware wa mata kashi 25, ga kuma kuɗin ajiya. Malamin ya ajiye alƙalami ya ce: "Ka gani, mai zaman kansa ya fi ɗan jam'iyya bukatar mutane, don shi babu wanda ya tara masa su."

Sarzan bai karaya ba. Ya sayi littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ya hau tsohon babur, ya shiga ƙauyuka. A nan ya gamu da abin da shekarun bariki ba su koya masa ba. A soja idan babba ya yi magana an gama; a ƙofar gidan maigari kuwa sai an gaisa, an tambayi gida da gona da lafiyar dabbobi, an sha ruwa, sannan a kewayo ga abin da ya kawo mutum, a ƙarshe a ce masa za a yi shawara. Ranar farko ya miƙe tsaye ya jera matsalolin gari ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba da rahoto ga kwamanda. Aka tafa masa, ba wanda ya ba da suna. A wani ƙauye wata tsohuwa ta tare shi a bakin rijiya ta ce: "Ɗana, ka faɗa mana abin da ke damunmu, ba ka tambaye mu ba." Ya ce: "Gaskiyarki, Inna." Daga ranar ya koyi zama a tabarma, littafin nasa ya fara cika da abin da ba shi ya zo da shi ba: aji na zana da iska ke kwashewa kowace damina, likita mai nisa ga mace mai naƙuda, burtalin da gonaki suka cinye har makiyayi da manomi suka daina gaisawa.

Ƴan jam'iyyu ba su yi barci ba. Biyu daga cikinsu suka aiko masa da manzanni, kowanne da tayin sa sunansa a jerinsu, can ƙasa inda kujera ba ta kaiwa, tare da sabon babur da kuɗin mai. Abin da suke so shi ne a ga tsohon soja a kan mumbarinsu ranar gangami. Ya yi musu godiya ya sallame su, yana cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan ƙin ya jawo masa mutunci, ya kuma raba shi da wasu da suka fara binsa da zaton akwai abin rabo.

Da ranar rufe karɓar takardu ta zo, sunayen da ya tara ba su kai rabin abin da ake bukata ba. Malaman makaranta da ke da takardar shaida suna tsoron a yi musu canjin wurin aiki, matan da suka amince mazansu suka hana, daga Gure da Tanut kuwa ba shi da kowa. Hannu ɗaya bai ɗauki jinka ba. Ranar zaɓe ya sa farar riga, ya shiga layi a bayan yaran da ya haifa, ya jefa ƙuri'arsa, ya tsoma yatsa a tawada. Da dare yana cikin waɗanda suka tsaya a tagar aji suna kallon ƙidaya da hasken tocila, bai tafi ba sai da aka rubuta sakamako.

Tarihin ƙasashen nan biyu cike yake da sojojin da suka tuɓe kaki suka nemi ƙuri'a, kuma abin da ya bambanta su shi ne halin da suka nuna lokacin da ƙidaya ko doka ta juya musu baya. Kanar Adamou Moumouni Djermakoye ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa na 1993, ya shiga majalisa ya zama shugabanta, ya kuma rasu ranar 14 ga Yuni 2009 a wurin zanga-zangar ƙin tazarce. Tandja Mamadou ya haƙura da faɗuwar 1993, ya ci a 1999 da 2004, sannan ya ƙi sauka da wa'adi ya cika, sojoji suka sauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Salou Djibo da ya sauke shi ya miƙa mulki a 2011, ya dawo neman ƙuri'a a 2020, ya samu kimanin kashi 3 cikin ɗari, ya koma gida. Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, kowane karo kotu ya nufa, sai a 2015 ya ci. Sarzan na Ɗan Barto bai kai ko bakin akwati da sunansa ba, amma jarrabawar da aka yi wa waɗannan manya ita aka yi masa, ta jin "a'a" daga bakin farar hula a kuma zauna lafiya da ita.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓe mulki a Yamai, aka dakatar da kundin tsarin mulki, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka a kan mutanen Ɗan Barto. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. A makon juyin mulkin wasu samari suka zo masa da murna suna cewa: "Baba, naku sun dawo." Ya dube su ya tambaye su ko an gyara rufin ajin ƙauyensu. Suka ce ba a gyara ba.

Littafin nan yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar sallamarsa daga soja. Wani lokaci da yamma yakan ɗauko shi ya kai wa tsohon darakta, su zauna su bi shafukan, su soke sunan wanda ya rasu, su ƙara abin da ya taso sabo. Shekarunsa sun ja, ya kuma san da wuya ya sake hawa babur ya zaga ƙauyuka. Ya gaya wa malamin cewa idan ranar zaɓe ta dawo, a ba da littafin ga duk yaron garin da ya yarda ya zauna a tabarma ya yi tambaya kafin ya yi jawabi.