"Manage it" ba raini ba ne

Jama'a, mu da muka tashi tsakanin Yola da Jimeta mun saba da musayar kwano: da Sallah mu aika wa maƙwabta nama, da Kirsimeti su aiko mana shinkafa. Rikicin yana farawa ne idan Turanci ya shigo.

Abokin ciniki a babbar kasuwar Jimeta ya miƙo turmin atamfa ya ce "manage it". Wasu dattawanmu sai su ji zafi, wai an mai da su mabarata. Alhali "ba yawa" ɗinmu ce ya faɗa. Mu ma ai buhu guda muke kaiwa mu ce "ga ɗan goro".

Wadda ta fi rikita mu ta masu karɓa ce. Ka kai wa malamar ɗanka bandar kifin Binuwai, ta ce "you shouldn't have", wato a zahiri bai kamata ka kawo ba. Mun ga wanda ya ɗauke ledarsa ya juya, ransa a ɓace. Ita kuwa baiwar Allah "har da ɗawainiya haka?" take nufi, hannunta ma a miƙe yake.