KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Yau hirar tamu a kan fuska ce, wato tsoron tsufan nan da ke hana wasunmu barci.

Ni 'yar Goronyo ce, gefen madatsar ruwan da aka kammala a kan kogin Rima a 1984. Duk wadda ta san garinmu da Wurno da Rabah ta san yadda noman rani yake, ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa. Yarinya ta kai abinci fadama da rana tsaka, ta dawo ta ɗauki talla, hunturu kuma ya zo ya busar da fata. Likitoci sun tabbatar zafin rana ne kan gaba wajen lalata sinadarin da ke riƙe fata ta tsaya cas, shi ya sa tamoji ke saurin fito wa mai yawan shan rana.

Ina da wata yaya, 'yar ƙanwar mahaifiyata, baƙa kyakkyawa, son kowa ƙin wanda ya rasa. Ranar da ta ji maigidanta zai ƙaro amarya, sai ta tasa madubi gaba tana ƙirga layukan goshinta. Ƙawaye suka kawo mata man haɗi a kwalba marar suna. Wata uku ta yi fari fes, ana ta yaba ta. Kafin shekara kumatunta sun ƙone sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, fatar ta yi sirara kamar ledar ƙanƙara. Da Inna ta gan ta sai ta riƙe baki ta ce, "Ɗiyata, mi kika yi ma kanki haka? Kishiya ta sa ki sai da fuskarki?" Sai da aka yi ta kai ta wajen likitan fata a Sakkwato, har yau tabon bai gama gushewa ba. Amaryar kuwa ta tare abinta.

Masu kuɗi su ma suna da tasu hanyar. Akwai tiyata, inda likita zai yanka ta gaban kunne da gindin gashi, ya ɗame naman fuska, ya yanke rarar fata ya ɗinke. Sai an yi makonni ana fama da kumburi, kuma bayan kamar shekara 10 tsufa zai ci gaba da aikinsa. Mu baƙar fata kuwa tabonmu ya fi saurin tasowa ya yi tudu. Akwai allurar Botox da Amurka ta amince a yi kwalliya da ita a 2002. Tana kwantar da naman goshi ne, bayan wata 3 zuwa 4 sai a sake. Akwai ta cika kumatu, ita ma watanni take yi ta narke. Kada ki ɗauka wuƙar kwalliya wasa ce. A watan Oktoban 2005 Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a Sifen bayan tiyatar rage ƙiba. Idan haka ta faru da mai gata irin wannan, ina ga wadda za ta miƙa fuskarta ga mai allura a shagon gyaran gashi?

Man bilicin kuwa, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, domin wasu na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Abin takaici, baƙin fatar da ake kankarewa shi ne garkuwar da Allah Ya ba mu daga rana, shi ya sa ma baƙar mace ba ta saurin yamushewa.

To ƙanwata, gyara tun yanzu ake yin sa. Ki rufe fuska da mayafi ko malafa in za ki shiga rana. Ki shafa man kaɗe da hunturu. Ki sha ruwa, ki ci kifin dam da zogale, ki samu barci. Kwalbar da ba ta da suna da lambar NAFDAC, ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode. In fuska ta yi ƙuraje ko tabo, asibiti za ki, ba wajen ƙawa ba.

Namijin da zai guje ki don layi biyu a goshi, ko kin sake fata zai sami wani dalilin. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.