Laka da Nauyi: Abin da Muka Gani a Gobarau

Ranar wata Asabar muka ɗebi yaranmu na aji biyar muka tafi da su kallon Hasumiyar Gobarau, wadda masana tarihi ke cewa an gina ta zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta kamar ƙafa 50. Muna cikin yi musu bayanin yadda ginin ƙasa ya ke ɗaukar nauyin kansa, sai muka ji salati a wani gida kusa. Ashe wani magini ne tsani ya zame da shi, ya faɗo ta baya da kwandon ƙasa a ka.

Da muka isa muka tarar da shi kwance, yana magana, har yana motsa yatsun ƙafarsa. Mun gani da idonmu. Nan da nan jama'a suka taru, mu ma muka sa hannu. Wani ya kama hammata, wani ya kama ƙafafu, muka naɗe bawan Allah kamar tabarma, muka cusa shi a keke mai ƙafa uku. Kafin a kai asibiti yatsun nan sun daina motsi. Likita bai zarge mu ba, sai dai ya tambaye mu yadda muka ɗauko shi, ya yi shiru. Har yau shirun nan yana damunmu.

To, ku 'yan makaranta, ga abin da muka koyo daga baya. Ƙashin baya gaɓoɓi ne 33 jere, bakwai daga cikinsu a wuya. Ta tsakiyarsu akwai rami, a ciki laka ta ke, kaurinta bai fi ƙaramin yatsa ba, tsawonta kamar inci 18. Kada ku haɗa ta da lakar gini, ko da ya ke rubutunsu ɗaya; wannan ita ce wadda a kan ce mutum ba shi da ita in an ga ya yi sanyi. Ta cikinta saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Ba ta jure matsi, ba ta jure ja, ba ta jure murɗawa. In ƙashi ya karye, gaɓar da ta goce ta kan danne ta, sa'an nan kumburi ya biyo baya, jini ya kasa isa wurin. Lanƙwasa mutum a wannan hali ya kan ƙarasa abin da faɗuwa ta fara.

Abin da ya kamata mu yi shi ne mu hana shi motsi, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, uku ko huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, a shimfiɗe shi bisa ƙyauren ƙofa. Ga ƙyaure kuwa a gidan! Kuma a gaggauta, domin binciken da aka buga a 2012 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki aka ɗauke matsin daga lakar wuyansu cikin sa'a 24 sun fi samun sauƙi.

Abin mamaki, nauyin da ya ke abokin gaba a ranar farko shi a ke nema daga baya. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi ya kan lalace, tsoka ta shanye, fatar da aka daɗe a kwance kanta ta yi gyambo. A 1944 wani likita, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu ciwon laka a Stoke Mandeville ta Ingila. Ya sa a riƙa juya majinyaci kowane sa'a biyu, dare da rana, ya tashe su zaune, ya sa su wasanni, har a 1948 suka yi gasar harbin baka. Yau a kan ɗaure majinyaci da ɗamara a tsai da shi, a sakar wa ƙafafunsa nauyi kaɗan kaɗan, don ragowar jijiyoyin da ba su yanke ba su sake koyon tafiya.

Maginin namu an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya yi watanni. Da muka je gaishe shi bayan Sallah mun same shi tsaye a zaure, ya dafa sanduna biyu da ƙanensa ya kafa masa. Ƙafar dama tana ɗagawa kaɗan, ta hagu tukuna.