Kujerar da Ake Bar wa Baƙo

Daren Talata ne, kwana uku da saukarsa a Tokyo. Injiniya ne ɗan lardin Sligo da ke arewa maso yammacin Ailan, kamfaninsa ya turo shi aikin mako biyu. A can ƙasan jakarsa akwai baƙar sarewar katako, an ware ta gida uku an naɗe a tsumma. Ta mahaifinsa ce. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwar tsohon, kuma tun daga lokacin bai kai ta bakinsa ba, domin a gida duk inda ya fito da ita sai an tuna masa da mai ita. Duk da haka bai taɓa yin tafiya ya bar ta ba. A wannan dare ya yanke shawarar fita neman abin da mutanen ƙasarsa ke kira seisiún, wato zaman kiɗa.

A zaman kiɗa, makaɗa ne ke haɗuwa a kusurwar mashaya su kewaye tebur, kowa da abin kiɗansa. Akwai fidil, 'yar uwar goge mai tsirkiya huɗu. Akwai sarewa da akodiyan da banjo. Akwai bodhrán, ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya, mai kama da bandiri. Idan an yi dace akan samu mai uilleann, wata irin algaita mai jaka da ake ba ta iska da gwiwar hannu, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2017. Babu dandamali, babu lasifika, babu kuɗin shiga. Makaɗan juna suke fuskanta, sauran jama'a kuwa bayansu suke gani.

Mashayar farko da ya shiga tana da sunan Ailan a ƙofa, da koren fenti, da tsofaffin hotuna a bango. A ciki talabijin na nuna ƙwallo, wani saurayi da jita yana rera waƙa a makirufo. Bai zauna ba. Tun shekarun 1990 ake da kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan mashayu sukutum, daga kanta har kujeru, su aika da su biranen duniya, saboda haka suna da fenti ba sa nuna komai game da kiɗa. Ko a Dublin, wanda ya tsaya a unguwar Temple Bar yawanci wasan da aka shirya wa masu yawon buɗe ido zai gani. Masu neman zama na gaskiya sukan haye kogi zuwa Cobblestone da ke Smithfield.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya. Akwai shafin intanet mai suna The Session da ke jera wuraren zama ƙasa-ƙasa. Akwai kuma ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, wadda aka kafa a garin Mullingar a 1951, mai rassa a ƙasashe da dama har da Japan. Sai dai jeri yakan tsufa: mashaya ta canza hannu, jagoran zama ya bar gari, suna ya ci gaba da zama a shafi shekara da shekaru. Wanda ya saba yakan buga waya tukuna, ya kuma tuna cewa yawancin zama kan faɗo a daren farkon mako ko yammacin Lahadi, lokacin da ciniki ya ja baya har mai wurin zai iya sadaukar da kusurwa. Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce bakin makaɗi. Shi ya sa injiniyan ya jira saurayin mai jita ya huta, ya tambaye shi. Saurayin ya dubi jakar, ya rubuta masa sunan tasha da lambar hawa a bayan takarda.

A cikin jirgin ƙasa wata shakka ta kama shi: anya abin da zai tarar ba kwaikwayo ba ne, inuwar abin da ya bari a gida? Tarihi bai goyi bayan wannan shakka ba. A da, a ɗakin girki na gidajen ƙauye da mararrabar hanya ake wannan kiɗa, domin rawa. Dokar ɗakunan rawa ta 1935 ta wajabta lasisi, rawar gida ta dusashe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubban samari suka tafi Ingila aikin gini, suka tarar ɗakin haya ba ya ɗaukar kiɗa, sai suka koma mashayun unguwar Camden Town a Landan a ƙarshen shekarun 1940. Daga can al'adar ta koma Ailan. Tun kafin nan ma, Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago, ya tattara kari 1,850 a littafi guda a 1903, yawanci daga bakin 'yan ci-rani. Michael Coleman, mai fidil ɗan Sligo, a New York ya naɗi faifansa a shekarun 1920, kuma waɗannan faifai ne mahaifin injiniyan ya tashi yana ji a garmaho. Zaman kiɗa ɗan ƙasar waje ne tun haihuwa.

Wurin yana hawa na uku, bai fi falo girma ba. Mutum bakwai ne a tebur, shida 'yan Japan, ɗaya Bature mai banjo. Ya sayi shayi ya tsaya daga gefe da jakarsa a rufe. Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma zama yana da ladubba da ba a rubuta ba. Ba a zama kujerar da babu kowa sai an tambaya, domin wataƙila mai ita ya fita shan iska. Ba a shiga karin da ba a sani ba ana lalube. Wanda ya tayar da kari shi ke da ikon saurinsa. Ganga ɗaya ta isa, jita ɗaya ta isa. Wanda ya karya waɗannan ba wanda zai yi masa faɗa. Zai dai ga an daina kallon inda yake.

Abin da ke sa baƙi su iya kiɗa tare ba tare da gwaji ba shi ne tsarin karin kansa. Yawanci kashi biyu ne, kowane gaɓa takwas, a maimaita kowane sau biyu. Akan zagaya kari sau uku, sannan jagora ya ɗaga kai ko ya yi 'yar ƙara, a faɗa na gaba ba tare da tsayawa ba. Duk kuma da ka ake riƙe su. Wanda ya haddace ɗari biyu ko uku daga cikin sanannun zai samu abin shiga a Boston ko Berlin ko Sydney.

Bayan kusan rabin sa'a, dattijuwar da ke jagorancin zaman ta sauke fidil ɗinta, ta nuna jakarsa da baka, ta jawo kujera.

"Baƙo, ko za ka tayar mana da ɗaya?"

Ya haɗa sarewar, yatsunsa na rawa. Karin da ya zo masa shi ne wanda tsohon ke busawa bayan cin abincin dare, wanda bai taɓa jin sunansa ba. Irinsu ake yi wa laƙabi da gan ainm, wato marar suna. Zagayen farko shi kaɗai ya yi, teburin ya yi tsit. A tsakiyar kashi na biyu numfashinsa ya yanke, sautin ya fashe. Kafin ya sauke sarewar, fidil ɗin dattijuwar ta ɗauka daga daidai inda ya faɗi, ta riƙe har ya dawo. A zagaye na uku mutum biyar ne ke ciki.

Da aka tsaya ya tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce a Miltown Malbay, a makarantar bazara ta Willie Clancy da ake yi kowane Yuli tun 1973. Wani tsoho ne ya koya mata a bakin titi, shi ma bai ba ta suna ba. Ta ƙara da cewa akwai juyi ɗaya a kashi na biyu da yake yi dabam da nata, tana son ya sake busa mata shi a hankali. Juyin mahaifinsa ne. Ya busa sau uku, ta bi shi har ya zauna mata.

Wajen sha ɗaya da rabi kowa ya fara naɗe kaya, domin jiragen Tokyo ba sa wuce tsakar dare da yawa. Mai banjo ya rubuta masa adireshin wani zama na ranar Lahadi a ɗaya gefen birnin, ya ce ya ambaci sunan dattijuwar idan ya isa. Injiniyan ya ware sarewar, ya goge cikinta da tsumma kamar yadda aka koya masa yana yaro, ya sa ta a saman jakar, sannan ya bi su zuwa tasha.