Fakon da na saya a duwatsun Adar

Ni mutumin ƙasar rairayi ne. A gefen Maraɗi aka haife ni, inda yaro zai wuni yana neman dutsen jifar kare bai samu ba. Shi ya sa ranar da motar kasuwa ta sauke ni a gindin wani tsauni tsakanin Buza da Keita, cikin watan Oktoba na 2009, da katifata da buhun littattafai, direba ya nuna sama da baki ya ce, "Mushe, ga garinku can," na ɗauka ba'a yake yi mini. Sai da na ƙura ido sannan na gane rabin abin da nake gani kamar duwatsu ɗakuna ne, an gina su da dutsen wurin da lakar wurin, har sun saje da tsaunin. Manyan rumbunan lakar nan na Adarawa su ne suka fara tona asirin garin.

Na zo da niyyar shekara biyu. Na yi goma sha uku.

Wanda bai zauna kan dutse ba yana jin labarin iska mai daɗi da hangen nesa, kuma gaskiya ne, akwai su. Da asuba in ka tsaya bayan lakkol kana ganin kwarin duka, da garaken albasa kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Amma ruwa yana can ƙasa, mutane suna nan sama. Kowace bido da ka yi alwala da ita, jaki ne ko wuyan mace ya hau da ita. In damina ta kankama korama ta kawo, gari ya yanke ke nan. Mai naƙuda da mai zazzaɓi da malamin da zai je amsar albashi duk sai su zauna bakin gaɓa su jira ruwa ya wuce. Rezo kuwa wuri guda yake kamawa, kan wani falalen dutse yamma da masallaci. Da la'asar za ka iske mata a jere kowa da salula a kunne, ana magana da Abijan da Lagos da Libiya, don da zarar an gama girbi maza sun tafi bida, gari ya zama na mata da tsofaffi da yara da mu malamai.

Mai gari ya ba ni aron ɗaki tun daren farko, bai karɓi ko dala ba. Sai dai aro aro ne. Sau biyu ana tashe ni cikin ladabi, don ɗan mai ɗakin zai yi aure. Da na yi nawa auren, maiɗakina ta tare, muka samu ɗiya biyu, sai na fara jin kunyar ɗaukar tukwane daga wannan zaure zuwa wancan. A 2015 na je gaida mai gari na ce masa ina son wuri nawa na kaina, in gina, in kuma ɗan noma.

Ya yi shiru, ya ce, "Mushe, mu nan ba mu saida ƙasa." Bayan kwana goma ya aiko kirana. A nan na koyi cewa maganar tana da ciki. Fadama ce ba a sayarwa, inda ruwa ke kusa, inda albasa ke fita. Wannan ko jingina aka ba ka, ka san mai ita zai dawo. Fako kuwa, ƙasar nan mai tauri da ruwa ya kwashe mata fuska ya bar tsakuwa, ana rabuwa da shi in matsuwa ta zo. Wani tsoho da ke bayan gari matsuwa ta zo masa: hatsi bai yi ba, ga matarsa kwance ana maganar kai ta asibiti Tawa. Yana da fako a kafaɗar tsaunin, wanda rabon a sa masa hauya tun kafin yunwar 1984. Muka daidaita a jika 150.

An yi komai a fili. Muka taka iyaka da mai gari da liman da maƙwabta biyu, ana tara duwatsu a kowace kusurwa, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ni kuma, da yake ɗan lakkol ne, na ce sai an rubuta. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, wadda ta yarda da mallaka ta gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye tun daga gari har zuwa sama. Na ƙauye shi ake kira COFOB, mai gari ne shugabansa, kuma yana da ikon ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Aka cika takardata, tsoho ya dangwala yatsa, shaidu suka dangwala. Na kai ta Buza aka lulluɓe ta da roba, na sa ta ƙasan akwati tare da takardar kammala makarantar horon malamai. Na tuna mai gari ya tambayi tsohon, "Ƴan'uwanka sun sani?" Ya ce sun sani. Ban sake bi ta kan maganar ba. Ni da nake hana yara amsa "mun gane" sai na gwada su a allo.

Wurin gini ma na so in yi kuskure. Na zaɓi gindin filin, kusa da hanya, inda kawo laka da azara zai yi sauƙi. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tsaya tana kallon igiyar da na ja, ta ce, "Ɗana, nan gidan ruwa ne. In ka gina masa a ɗaki, zai zo ya kwana da kai." Ta kama hannuna ta nuna mini hanyar da ruwa ke bi, wadda ni ban ga komai a cikinta ba sai tsakuwa: ga inda duwatsu suka yi santsi, ga inda saiwar sabara ta fito waje. Na matsa sama da taki arba'in. Damina ta biyu ruwa ya yanka rami mai kai ƙugu daidai inda na so in sa gadona.

Wannan tsohuwa ita ce malamata a harkar ƙasa. Tana cikin matan da suka yi aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, lokacin da fari ya kori maza ya bar mata. Su suka ɗauki duwatsu a ka, ana biyansu da abinci, suka jera su a kan tuddai, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwan da yau matafiyi ke gani ya ɗauka Allah ne ya tsiro da su haka nan. Ta koya mini jera dutse a gicciye, bisa kwanciyar ƙasa, yadda ruwa in ya gangaro zai yi tuntuɓe ya aje ƙasar da ya ɗauko. Ta koya mini tassa: ka haƙa rami da rani, faɗin kwano, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka zuba taki cikin tafi biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse, sannan ka shuka a ciki. Aiki ne mai karya baya. Diga tana tsalle a kan fako kamar ka sari ƙarfe. Na sa albashi a ciki, na sa hutuna uku, tafin hannuna ya yi kanta har alli ya daina yi mini laushi. Shekarar farko na ɗaure dami 9. Ta uku na ɗaure 41, ga wake, ga ƴan bagaruwa da magarya sun fara tasowa a bakin jerin duwatsun.

A wannan kakar, ta 2018, ƙanen tsohon ya dawo daga Abijan.

Ban taɓa ganinsa ba, ko da yake ɗiyansa biyu suna ajina. Ya iske ni a gona da maraice, ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar gajiya. Sannan ya ce, "Mushe, wa ya ba ka gonar ubana?" Na ce saye na yi, da shaidu, da takarda. Ya ce, "Wurin wa?" Na faɗa masa. Ya ce, "Shi kaɗai ubanmu ya haifa?"

Ashe ba a taɓa raba gadon ba. Su huɗu ne, maza biyu mata biyu, kuma da yake filin ba ya ba da ko kara, ba wanda ya damu a raba. Tsohon bai yi ƙarya da gangan ba, a ganina. Shi ne babba, shi ke gida, shi ke ɗauke da nauyin kowa, ya ɗauka abin da ya yanke ya yanku. Matan ya gaya musu a tsaye. Na Abijan kuwa ya ce a ransa zai gaya masa in ya zo.

Aka zauna ƙofar mai gari ranar Juma'a bayan an sauko. Na zo da takardata cikin robarta. Mai gari ya karɓa ya juya ta, ya ce ba wanda ya musa an yi ciniki, shi da kansa ya sa hannu. Liman ya yi bayanin abin da ake kira shufu'a a fikihun Malikiyya: in mutane suka yi tarayya a fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar wa bare, abokin tarayya yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe, wanda ke nan ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa wannan haƙƙi, amma wanda ke tafiya haƙƙinsa yana jiransa. Balle ma, in ji shi, tsohon ya sayar har da rabon da ba nasa ba. Ya ƙara da cewa wanda ya saya ya yi gini ko ya raya wuri, ba a korarsa hannu wofi.

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ke cikina. Na ce shekara talatin filin nan yana kwance ko akuya ba ta tsayawa a kansa, ba wanda ya tuna da uba. Yau da hatsi ya fito kowa ya tuna. Wurin ya yi tsit. Har yau ina ganin maganata gaskiya ce, kuma na ji irin wannan rigima a wurare da dama cikin jihar Tawa tun da tassa ta mai da fako abin kuɗi. Amma amsar da ya ba ni ita ma ban iya ture ta ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Mushe. Sai dai shekara ashirin ina tura kaya a kasuwar mutane, ina kwana cikin shago, ina aiko da abin da ake ci a gidan nan. Dutsen da ake hawa a kira ni a ce hatsi ya ƙare, shi ne ba a iya hawa ba a ce za a saida ƙasar ubana. In na tsufa ina zan koma?"

Wani abokin aikina ya ce in ƙi sulhun, in wuce gaba, tunda ikon sarakai a maganar fili na sasantawa ne, alƙali ke yanke hukunci. Na kwana biyu ina juya abin. Ko da na ci, da wa zan zauna? Matata da matarsa rijiya guda suke ja. Ɗansa ne ke share mini allo. In korama ta kawo cikin dare ɗiyata ba lafiya, ƴan'uwansa ne za su ɗauke ta a kafaɗa su ƙetare. Kuma can ƙasan zuciyata na san takardar tawa ta shaida an sayar, ba ta shaida mai sayarwa shi kaɗai ke da abin ba. Wannan tambaya ni ya kamata in yi ta, da ƙafata, gida gida, har da matan, har da kiran Abijan na jika guda.

Ga yadda aka ƙare. Gida da kashi ɗaya cikin uku na filin suka zama nawa, a matsayin rabon tsohon, aka sake takarda, wannan karon da yatsun su huɗu. Sauran ya koma wa magada. Ƙanen ya ɗauki nauyin mayar mini da jika 100 na ciniki, da jika 60 na wahalar da na sha, wadda in da za a auna ta da gaskiya ta fi haka nesa. Ya ba da rabi a take, ya haɗa da awaki biyu. Aka kira tsohuwar nan ta nuna inda za a yanka iyaka ba tare da an karya jerin duwatsun ba, don ruwa bai san an raba gado ba.

Da watan azumi ya wuce ya koma Abijan. Kafin damina sai ga yaro a guje, wai ana kirana a kan dutse. Shi ne. Bayan gaisuwa ya ce ba shi da mai noma masa, kada ramukan su cike, ko zan riƙe gonar aro? Na yi dariya har matan da ke jiran layi suka juyo. Na riƙe ta damina huɗu, ina kai wa gidansa dami biyar kowace kaka, ba don ya sa mini ba.

A 2022 aka mai da ni wata makaranta cikin gari. Yanzu ina haya, famfo yana tsakar gida, dare kuma ba ya yin sanyin can. Gidan dutsen wani saurayin malami ɗan kwantaragi ne a ciki, ban karɓar masa komai, kamar yadda ba a karɓar mini ba. Maiɗakina takan ce mu sayar mu sayi fili a Maraɗi kusa da dangi, kuma tana da hujja: yara suna girma, ba mai komawa can cikinsu. Nakan ce mata to, sai an samu mai saye. Ban nemi mai sayen ba.

Hutun da ya wuce na je. Tsohuwar ta rasu da rani, ba wanda ya gaya mini sai da na tambaya. Jeri na uku daga sama ya karye, ruwa ya fara cin ƙasa ta wurin, a ɓangaren da ba nawa ba. Na tuɓe riga muka gyara shi ni da ɗan mutumin, wanda yanzu ya fi ni tsawo, yana kuma shirin bin ubansa bayan girbi. Ya ce babansa ya ce a gaya mini bai manta da sauran jika 35 ba. Da muka gangaro muka haɗu da wata yarinya da ban sani ba tana kora awaki, na tambaye ta ina za ta. Ta ce, "Fakon Mushe."