Ranar Da Na Shiga Birnin Zariya

A Gyallesu aka haife ni, amma sai da na kai aji biyar kafin na taka cikin Birnin Zariya da ƙafata. Abin kunya ne, domin daga gidanmu zuwa Ƙofar Doka ba wata tafiya ba ce.

Wata kalanda ce ta jawo. Tana rataye a ofishin malaminmu na tarihi, da hoton fadar Alhambra ta birnin Granada a ƙasar Sifen. Na ce, "Malam, Allah ya kai ni in ga wannan gini." Ya dube ni ya ce, "Ka ga na Babban Gwani tukuna?" Na yi tsuru-tsuru.

Ran Asabar wani abokina ɗan birni ya yi mini jagora. Mun tarar ganuwa ta zaizaye, wani wurin ma sai an nuna maka. Muka bi lunguna masu ƙunci, zaure na bin zaure, wasu da zanko a kansu, wasu an zana musu dagi a bakin ƙofa.

Kusa da fadar Sarki muka isa Masallacin Juma'a. Daga waje siminti ne kawai, har na fara cewa a raina Malam ya cika baki. Ashe tsohon ginin yana ciki, an lulluɓe shi da sabo. Wani dattijo ya ce mu tuɓe takalma mu leƙa. Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba ƙarfe, ba siminti. Ƙasa ce da azara, amma bakan gizo ya tashi daga ginshiƙai ya haɗu can sama kamar yatsun hannu. Ga sanyi kamar cikin randa. Sai na tuna Cocin St. Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina da ƙasa a 1929. Sau nawa na zauna ciki ban taɓa ɗaga kai ba!

Da na koma gida na tsaya a inda soron kakana yake a da. Bara aka rushe shi aka yi ɗakin bulo, ni ma har da ɗaukar bulo ina murna. Na tambayi Baba wanda ya gina soron. Ya yi ta tunani, sunan bai zo masa ba.